Daga zaurena zuwa masallaci, mita 140

Litinin, 22 ga Afrilu, 2024

Likitan gashin ƙashi ne ya sa ni wannan rubutu. Ya ce masu irin ciwona mantuwa gare su, yau mutum ya ɗaga gwiwa, jibi ya rantse tun da ya kwanta bai ga canji ba. Sai na ɗauko tsohon littafin da nake rubuta awon ƙofofi da bashin katako, na juya shi na fara ta baya.

Ni kafinta ne a nan Kano, shekarata 41, rufi na fi yi. Ranar Talata 20 ga Fabrairu muna ɗora kwano a wani bene, na taka katakon tu-bai-fo mai gaɓa, ya karye da ni. Da hannuna na karɓi katakon nan da safe, na ga gaɓar, na ce a bari zai yi. Na faɗo a zaune kan tarin bulo. Yarana suka ɗauke ni cak, wani ya kama hammata wani ya kama ƙafa, suka lanƙwasa ni cikin adaidaita sahu. Sai a asibiti muka ji cewa wanda ya bugu a baya a miƙe ake ɗaukar sa, a kan abu mai tauri. Falanki kuwa ga shi nan zube a wurin aikin, ya fi talatin. Ban ga laifinsu ba, da ni ne ma haka zan yi.

Ƙasusuwan baya da haƙarƙari ke maƙale da su 12 ne. Na 11 ne ya murƙushe ya danne laka. An yi tiyata, an ɗaure wurin da ƙarfe biyu da sukurori takwas. Watan azumi kaf a gadon asibiti ya wuce ni, aka sallame ni ranar 12 ga wannan wata, kwana biyu bayan Sallah.

Lakar ba ta tsinke gaba ɗaya ba. Suna da ma'auni daga A zuwa E, A shi ne mafi muni, E lafiya lau. Ni C nake, wato akwai motsi amma mafi yawan naman ƙafar ba shi da ƙarfin ɗaga kansa. Wuri biyar ake gwadawa a kowace ƙafa: ɗaga cinya, miƙe gwiwa, ɗaga ƙafa daga idon sawu, ɗaga babban yatsa, sai danna ƙafa ƙasa kamar mai taka keken ɗinki. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 5, uku shi ne ka iya ɗaga gaɓar da kanka. Na yau: dama 2, 3, 1, 1, 2. Hagu 2, 2, 0, 0, 1. Jimla 14 cikin 50.

Na ce, "Likita, zan taka?" Ya ce, "Malam, ba na sayar da alkawari. Abin da zan gaya maka, a wata shida na farko aka fi samun dawowa, mun ci biyu. Kada mu zubar da huɗun."

Na aiki babban yarona na shago da tef ya auno mini daga bakin zaure zuwa ƙofar masallacin unguwa. Mita 140, da kwata ɗaya a tsakani. A da, ko an tayar da iƙama ina zaure, ina samun raka'ar farko. Wannan ita ce kwangilar da na karɓa.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Zama a bakin gado da rigar roba mai tallafe baya. Minti huɗu jiri ya ɗebe ni, idona ya yi duhu. Wai jini ne ke taruwa a ƙafa tunda naman da ke tura shi sama ya kwanta aiki. Maman yara ta saita waya tana tashin ta duk awa biyu ta juya ni, da safe kuma ta duba mazaunai da dunduniya saboda gyambon kwanciya. Rabon ta da barcin kirki tun Fabrairu.

Litinin, 6 ga Mayu

Asibiti. Aka ɗaure ni a wani gado da ake ɗagawa a hankali har mutum ya koma tsaye. Na kai digiri 60, minti goma, na yi amai. Amma tafin ƙafata ya ɗauki nauyi karo na farko cikin mako 11.

Lissafi: shatar adaidaita zuwa da dawowa 4,000, kuɗin gashi 2,500. In Likita ya zo gida 5,000. Ya so sau uku a mako, aljihu ya ce sau biyu. Mun tsaya a kan Litinin asibiti, Laraba gida, 11,500 kenan duk mako, ban da magani da robar fitsari. Sauran kwanakin ƙanina ne zai riƙa lanƙwasa mini gaɓoɓi safe da yamma yadda aka nuna masa, musamman agara, don kada ta ƙage ƙafar ta ƙi zama daidai a ƙasa.

Asabar, 11 ga Mayu

A asibiti na ga ƙarafan nan biyu da ake tsayawa a tsakaninsu ana koyon tafiya. Ina kallon su na ce wannan ai aikin wuni ɗaya ne. Likita ya ba ni awo: tsayin ya zo daidai da ƙashin ƙugu, yadda in na riƙe gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe. Nawa ya kama santimita 90. Tsakani santimita 60, tsawo mita uku, iyakar abin da tsakar gidanmu za ta ɗauka ba a tare wa mata hanyar murhu ba.

Yara uku suka zo daga shago. Ginshiƙi shida na tu-bai-fo, an haƙa rami ƙafa ɗaya da rabi an zuba kankare, sama kuma bututun ƙarfe na ruwa mai inci ɗaya da rabi, mai walda ya yi mana kunnuwan ɗaure shi. Ina kan keken guragu a inuwa ina ba da umarni. Katako biyu na mayar. Babban yaron ya ce, "Oga, 'yar gaɓa ce fa ƙarama." Na dube shi kawai. Ya ɗauke su ya fita bai ƙara magana ba.

Katako 21,000, bututu 26,000, siminti da tsakuwa 11,000, walda 4,000, abincin yara 5,000. Sun ƙi karɓar kuɗin aiki. Za a bar kankaren ya sha ruwa kwana uku.

Laraba, 15 ga Mayu

Na tsaya. Likita ya zauna a kujera a gabana ya tokare gwiwoyina da nasa, ƙanina ya riƙe ƙugu ta baya. Daƙiƙa 40, sau uku. Gaskiya hannuwa ne suka yi aikin, har yanzu kafaɗuna rawa suke. Abin da ya ba ni mamaki, na hango saman katangar maƙwabci, na ga zogalensu ya yi tsawo. Wata uku ina ganin duniya daga ƙugun mutane.

Laraba, 22 ga Mayu

An cire rigar roba. Tsayuwa minti uku. Zafin gari ya hana barci.

Laraba, 29 ga Mayu

Wannan makon mun yi ɓarna, kuma da hannuna a ciki.

Inna ta zo daga ƙauye ranar Asabar. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika zama inda nake ba, amma wannan karon ta ajiye kunya. Ta ji ana ta cewa gashi, gashi, ta zauna ta kalli abin da ƙanina ke yi, ta ce, "Wannan shi ne gashin? Ina ruwan zafin?" A wurinta gashi ɗaya ne, wanda ake yi wa mai targaɗe da mai jego. Ranar Lahadi bayan azahar ta tafasa ruwa, ta kawo tsumma. Ta ɗora a ƙwaurin hagu ta ce, "Kai wannan, da zafi?" Na ce babu. Da gaske babu, ɗumi kaɗan na ji can nesa. Har na ce ta ƙara, ko jijiyar za ta farka. An gaya mini a asibiti fatar da ba ta ji ba ta kai ƙara, na ji da kunnena, amma a lokacin so nake in ji wani abu ko da zafi ne.

Kafin magariba ƙwaurin da bayan ƙafar sun yi bororo, guda ɗaya ya kai girman ƙwan kaza. Inna ta shige ɗaki ta ƙi cin tuwo.

Da Likita ya zo yau ya duba, na ga ransa ya ɓaci, amma sai ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ku yi haƙuri, laifin sunan ne. Namu gashin babu wuta a ciki." Ya nuna mata yadda ake murza ƙafa da man zaitun daga yatsu zuwa sama, ya ce wannan aikinta ne daga yau, a ƙafar dama. Ni kuma da ta fita ya wanke ni tas. Doka: duk ruwan da zai taɓa ƙafata, har na alwala, sai na fara tsoma hannu. Ba zama kusa da murhu, ba taka siminti da rana ba takalmi.

Kawu ma ya zo da maganar wani mai ɗori da aka ce ya tayar da mutane da yawa. Na ce masa ƙashin ai an riga an ɗora shi da ƙarfe, abin da ya rage laka ce, ita kuma ba a kama ta da kara da tsumma. Bai ji daɗi ba.

An dakatar da tsayuwa sai ƙunar ta kame. Wankin ciwo 1,500 duk kwana biyu.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. Bana ban yi layya ba, maƙwabta sun cika mana gida da nama. Ƙunar ta rufe, saura tabo. Mako biyu da rabi ta ci mini.

Litinin, 24 ga Yuni

An sake awo. Dama 3, 4, 2, 2, 3. Hagu 3, 3, 1, 1, 2. Jimla 24. Biyar cikin goma sun kai maki uku, don haka na tashi daga C na koma D. Na buɗo shafin farko na duba 14 ɗin nan, na daɗe ina kallon ta.

Taku huɗu tsakanin ƙarafa. Ƙafar hagu ba ta ɗaga kai, yatsun ne ke jan ƙasa, sai na karkace ƙugu na wurgo ta ta gefe kamar mai shara. Likita ya ce in bari ta saba da haka, ƙugu da baya ne za su biya bashin. An rubuta mini takalmin roba mai riƙe idon sawu.

Laraba, 3 ga Yuli

Takalmin roba ya fito, 38,000. An zuba filasta an ɗauki siffar ƙafar, robar ta bi bayan sharaɓa ta shige ƙarƙashin tafin ƙafa. Ba ta shiga takalmina, sai da aka sayo kambas a gwanjo mai lamba 45, ni da nake sa 43. Dama tana iyo a ciki, mun cusa mata soso. Ana sa shi awa ɗaya a cire a duba fata, in ja bai baje cikin minti 20 ba a koma wurin mai yi ya gyara.

Don in biya wannan da bashin kemis na sayar da injin feren katako. Shekara shida ina tara kuɗinsa. Ba zan ƙara magana a kai ba.

Laraba, 10 ga Yuli

Yau na gane inda gizo ke saƙar.

Ina tsaye tsakanin ƙarafa, na saki hannu ɗaya, na saki na biyu, daƙiƙa 20 cur. Ina jin kaina. Sai Likita ya ce, "Malam, rufe ido." Ban kai ƙirga uku ba na tafi gaba kamar an sare bishiya, ya tare ni da ƙirji.

Ya zaunar da ni, ya cire takalmin, ya kama babban yatsa ta gefe da gefe. Ido a rufe, in faɗi sama ya yi ko ƙasa. Dama na ci bakwai cikin goma. Hagu huɗu. Ya ce ko canki-canki na yi ai zan iya cin biyar.

Bayaninsa: abu uku ke tsayar da mutum. Ido, da wani ma'auni da ke can cikin kunne, da labarin da gaɓoɓi da tafin ƙafa ke aikawa sama cewa ga inda muke. Labarin nan ta bayan laka yake bi, kuma tawa hanyar ta lalace. Ƙarfi yana dawowa, amma ƙafar ba ta gaya mini inda take. Shi ya sa kullum kaina ke sunkuye, ido ne ke yi mata aikin.

Shekara 20 ina tafiya a kan katako mai faɗin inci biyu, guduma a hannu, ƙusa a baki, ina yi wa yaro faɗa a ƙasa, ban taɓa duban ƙafata ba. Ashe ita ke yi mini gadi ban sani ba. Ni duk a zatona ƙarfin zuciya ne.

Sabon aiki: tsayuwa gaban madubi, ido a madubin ba a ƙasa ba. Karkata nauyi dama da hagu, gaba da baya. Tsayuwa a kan tsohuwar katifa. Taka yashi, tsakuwa mai santsi da wake a faranti, ba takalmi, ana duba fata bayan an gama. Sai ƙwallo: Auta ta jefo, in cafe da hannu biyu. Ita wannan ya fi mata komai daɗi, tana ƙirga mini faɗuwar ƙwallo da ƙarfi yadda duk layin za su ji.

Litinin, 22 ga Yuli

Kwana tara ban tsaya ba. Tun ranar 12 ƙafafun suka fara zabura da dare, su miƙe su sandare, dama har ta harbi bango. Na ɗauka ƙarfi ne ke zuwa, har na yi murna. Kwana biyu sai zazzaɓi, fitsari ya yi kauri yana wari.

Ciwon mafitsara ne. An ce a masu ciwon laka sau da yawa haka yake fara nuna kansa, ƙafa ta ƙara sandarewa tun kafin zazzaɓi ya zo. Dalili kuma ni ne. Duk ranar asibiti ba na shan ruwa tun dare, don kada in jiƙa wando a adaidaita, kuma ina wuce lokacin sa robar fitsari, maimakon awa huɗu zuwa shida sai in kai tara. Kunya ce ta jawo, ga shi ta kai ni kwance ana canza mini zani.

Gwajin fitsari 6,000, magani 9,500. Yanzu akwai jarka mai lita biyu da sunana a jiki, Maman yara na duba ta da la'asar kamar mai duba mitar wuta. Yau na koma ƙarafa, tsayuwar da ta kai minti goma ta dawo huɗu.

Lahadi, 4 ga Agusta

Zanga-zangar tsadar rayuwa ta fara ranar Alhamis, aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kano. An ɗan sassauta, amma ba asibiti gobe. Likita ya kira ta bidiyo ya kalli tafiyata, ya ce ina riƙe numfashi. Zuwa da dawowa shida tsakanin ƙarafa, ruwan sama ya kore mu.

Talata, 13 ga Agusta

Na fita daga ƙarafa. An samo ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu na hannu, 24,000. An ja layi da alli daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, mita goma. Daƙiƙa 58. In haka zan tafi masallaci ba hutu, kusan minti 14 kenan, kuma a yanzu mita 20 ke ƙarar da ni.

Talata, 27 ga Agusta

Na faɗi ranar Asabar.

Ina tsakiyar tsakar gida da ƙarfen tafiya, ni kaɗai, ƙanina ya shiga wanka. Wani ya yi sallama a zaure. Na juya kai na amsa, shi kenan. Ido ya bar ƙafa, ƙafa ta ɓace. Na tafi ta hagu, ƙarfen ya biyo ni, goshina ya daki bakin turmi. Ciwon bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya: na kasa tashi. Mai sallama na ta sallama, ni ina kwance a jiƙaƙƙen siminti ina cewa "ana zuwa", mata sun kasa ɗaga ni, har ƙanina ya fito da kumfa a kunne.

Jiya aka yi hoton baya, 8,000, sukurori na nan daram. Likita bai yi faɗa ba. Ya shimfiɗa tabarma ya ce yau darasin faɗuwa ne. Yadda ake sakin ƙarfe kada ya faɗo a kaina. Yadda ake tashi: juya rub da ciki, ɗaga kan gwiwa da hannu, rarrafa zuwa benci, dafa shi, kafa ƙafar dama, tura, juya a zauna. Sau biyar, na biyar ba a taɓa ni ba. Auta ta ce Baba ya koma rarrafe, uwarta ta harare ta.

Ya kuma ƙara wani abu. Daga yau ina tafiya yana yi mini tambaya. Bandir ɗin kwano nawa ɗaki huɗu zai ci? Tu-bai-fo 35 a kan 3,500 nawa kenan? Da na fara lissafi ƙafa sai ta tsaya cak. Ya ce hanya ba ta yin shiru don mutum zai wuce, akwai gaisuwa, akwai babur, akwai akuya.

Alhamis, 5 ga Satumba

Kuɗin litar man fetur ya tashi daga 600 da 'yan kai zuwa kusan 900 shekaranjiya. Mai adaidaita ya ce 6,500. Asibiti ya koma sau ɗaya a mako biyu.

An yi mini gwajin daidaito mai suna Berg, abu 14, kowanne maki 0 zuwa 4, cikakke 56. Tashi daga kujera, ɗauko takalmi a ƙasa, juyawa, tsayuwa da ƙafa ɗaya da sauransu. Na ci 22. Rufe ido daƙiƙa goma ake so, na yi huɗu.

Wata shidan da Likita ya faɗa sun cika tun 20 ga Agusta. Na tuna masa. Ya ce bai ce ƙofa na rufewa ba, tafiyar ce ke rage sauri.

Asabar, 21 ga Satumba

An kai ni shago a keke. Na zauna na yanka wa yara awon gado biyu. Mita 40 a gida ba hutu.

Talata, 8 ga Oktoba

Sanduna biyu masu riƙe damtse, 18,000. Ƙarfe mai ƙafa huɗu ba zai yi lungunmu ba, ƙasar duk kwazazzaɓon damina ce, ƙafa uku su zauna ɗaya na lilo. Kwana huɗu ina rikita tsari: sandar dama, ƙafar hagu, sandar hagu, ƙafar dama.

Kwatar da ke tsakani faɗinta santimita 45. Ba zan iya tsallaka ta ba. Na je wurin mai unguwa na nemi izini, yara suka buga mata gada da falanki uku masu kauri, aka bi saman da ƙananan katako a gicciye saboda santsi. 14,000. Tun kafin in taka ta masu kura da 'yan makaranta sun mayar da ita tasu.

Asabar, 26 ga Oktoba

Tun farkon mako babu wuta a yawancin Arewa. Ga kowa zafi ne da tsadar ƙanƙara da cajin waya. Ni kuwa da magariba ta yi ƙafafuna ke tafiya hutu. Daga gado zuwa bayi, hanyar da nake bi sau goma da rana, a duhu na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni. Babban yarona ya kawo fitilar goshi irin ta mafarauta, 3,500. Ta yi aiki, sai dai duk wanda na kalla sai ya kare ido.

Wannan ya sa na gyara buri. Da asuba nake mafarkin fara zuwa masallaci. Ba yanzu ba. La'asar za a fara, rana na sama.

A lungu na kai mita 90, gidan mai markaɗe, na huta a dakalinsu na dawo.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na fita ƙarfe uku da kwata, tun ba a kira ba. Ƙanina a hagu, bai taɓa ni ba, haka muka yi da shi. Yaro a baya da kujerar roba.

Mita 50 na farko lafiya. A gada na tsaya, na sa sanduna biyu a kai, na ɗora dama, na jawo hagu. Falankin tsakiya ya ɗan yi motsi, na ji shi a hannu ta cikin sanda, ƙafar ba ta ce komai ba. Ƙusa ta saki, gobe a gyara. Hutu na farko a dakalin mai markaɗe, minti uku.

Abin da ya fi ƙasar wuya mutane ne. Kowa sai ya tsaya. "Sannu Malam, jiki ya yi kyau!" "Kai, Allah mun gode maka!" Wani dattijo ya miƙo hannu mu gaisa, hannuwana biyu na kan sanda. Ƙanina ya karɓi gaisuwar a madadina. Na koyi dabara: in tsaya cak, in kafa sanduna, sannan in ɗaga kai in amsa. Na tsaya haka ya fi sau goma. Hutu na biyu a kujera, saura mita 25, cinyar hagu na rawa.

Minti 21. Ana tayar da iƙama na isa.

Sai ga abin da ban auna ba, ni da nake taƙama da awo. Ƙofar na da matakala mai tsayin inci bakwai, ba abin dafawa. Sannan takalmi. Ba a shiga da shi, in na cire kambas robar ƙafar santsi take a kan tayil, in na cire robar ƙafa ta faɗi. Wata bakwai ina lissafin mita 140, ban taɓa tunanin mita biyun ƙarshe ba.

Ladan ne ya fito ya ce a shimfiɗa tabarma a baranda a jona sahu daga nan. Aka ajiye kujerata a ƙarshe, mutum huɗu suka fito suka tsaya tare da ni don kada in zama ni kaɗai. Kabbarar farko na yi ta a tsaye, kafaɗata jingine da ta ƙanina, idona a wurin sujada, wanda dama nan ya kamata ya kasance. Na kai ƙarshen Fatiha, na zauna. Dawowa a keke aka turo ni.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Kwana biyu cinya na ciwo, dunduniyar hagu ta yi ja amma ya baje. Awon jiya: dama 4, 4, 3, 3, 4. Hagu 4, 4, 2, 2, 3. Jimla 33. Berg 35. Mita goma daƙiƙa 27. Rufe ido daƙiƙa takwas. Yatsan hagu shida cikin goma.

Na haɗa abin da na rubuta daga Afrilu zuwa yau, ban da tiyata da abinci, ya haura 600,000. Bashin da ya rage 85,000 wurin ƙanin Maman yara.

Abin da ke gaba: la'asar sau uku a mako, zuwa da dawowa da ƙafa kafin ƙarshen Disamba. Hawa matakala, za a buga mini ta gwaji mai inci huɗu da mai inci bakwai a jikin ƙarafan gida. Safa mai roba a tafi da za a sa a kan takalmin roba, an ce a duba Kantin Kwari ko wurin masu kayan asibiti. Sanyi ya fara, Likita ya ce ƙafa za ta ƙara sandarewa da safe, a ƙara lokacin miƙa agara, kuma kada Inna ta ji labarin an kawo gawayi ɗaki.

Liman ya amince a kafa ƙarfen dafawa a ƙofar masallaci da ɗan benci na cire takalmi, ya ce tsofaffi ma sun daɗe suna so. Bututun da ya rage daga aikin Mayu zai isa. Gobe bayan azahar yaro zai zo da tef mu auno.